Shamfun da ba ya kumfa, yana wanke kai kuwa?

Amaryar Bana: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sani ku taimaka min. A cikin kayan lefena aka sako wani shamfu mai tsada, an rubuta a jikinsa wai babu sinadarin wankin da ake kira salfet a ciki. Jiya na tsefe kaina na zo wankewa, na zuba na cuɗa, kumfa 'yar ƙiris kamar ba a sa komai ba. Na ƙara, haka dai. Shin jabu aka sayo ne, ko dama haka yake? Kuma kan da bai ga kumfa ba, ya wanku kuwa?

Maman 'Yan Biyu: Wa alaikumus salam amarya. Ni dai abin da ba ya kumfa ban yarda da shi ba. Idan ban ga kai ya yi fari fat, na ji gashi yana ƙara a hannuna bayan na ɗauraye ba, to ban wanke kai ba. Ki ajiye shi ki nemi na gaske.

Anti Mai Kitso: Tsaya tukuna Maman 'Yan Biyu. Amarya, sati nawa kitson ya yi a kanki kafin ki tsefe? Kuma wane mai kike shafawa?

Amaryar Bana: Anti tun kitson biki ne, ya haura wata guda. Man shanu nake sawa da man kaɗanya, wani lokacin basilin idan tsagar ta bushe.

Anti Mai Kitso: To ai ga amsar nan. Kan da ya yi wata yana shan man shanu da basilin, ga ƙurar hunturu ta zauna a kai, ko wane irin shamfu kika zuba masa wankin farko ba zai yi kumfa ba. Kullum ina ganin haka a shago. Mace za ta zauna a kujera, in zuba mata wanda ya fi kowanne kumfa, in cuɗa, sai ruwa mai launin ƙasa ya riƙa gangarowa cikin baho, kumfa babu. In ɗauraye, in ɗiga ɗan kaɗan wanda bai kai rabin na farko ba, nan take kai ya tashi fari. Kwalba ɗaya, hannu ɗaya. Wankin farkon nan da ba a ga kumfa ba, shi ne ya kwashe dattin.

Maman 'Yan Biyu: Anti ai maganata kika ƙarfafa. Sai da kumfar ta tashi kika san ya fita.

Malamar Kemistiri: Sannunku da hira. Bari in sa baki, don wannan darasi ne da nake koyar da 'yan aji biyar duk shekara.

Abin da ke wanke kai wasu sinadarai ne da ke cikin shamfu da sabulu da duk wani abin wanki. Kowane ƙwayarsu yana da ɓangare biyu: kai mai son ruwa, da wutsiya mai son mai. Ruwa shi kaɗai ba ya ɗaukar maiƙo, kowa ta sani. Idan kika cuɗa shamfu a kai, wutsiyoyin nan sai su nutse cikin maiƙon da ke jikin gashi da fatar kai, su kewaye shi su yanyanka shi ƙanana-ƙanana, kawunansu kuma suna waje suna riƙe da ruwa. Da kin kwara ruwa sai ya tafi da su, su kuma su tafi da maiƙon da ƙurar da ta manne masa. Wankin ke nan gaba ɗaya.

Ita kumfa iska ce da ta shiga cikin ruwan lokacin cuɗawa, sinadaran da ba su sami maiƙon kamawa ba suka yi mata bango. Shi ya sa maiƙo ke kashe ta. Ki tuna soson wanke-wanke: yana ta kumfa a kan kofuna, kina sa shi cikin tukunyar miyar manja sai kumfar ta mutu, amma tukunyar tana fita. Don haka Maman 'Yan Biyu, kumfa a wanki na biyu tana gaya miki maiƙo ya ragu. Labari take ba ki, ba ita ta yi aikin ba.

Maman 'Yan Biyu: Malama na ji. Amma labarin nan ma ai yana da amfani. Ni yara biyu nake wanke wa kai ranar Asabar, suna kuka suna zillewa. Da kumfar nake gane inda hannuna ya kai da inda bai kai ba.

Malamar Kemistiri: Wannan gaskiya ne, ban musa ba. Kumfa tana taimakawa shamfu ya bazu, tana hana shi zurarewa, tana nuna miki inda kika taɓa. Inda na tsaya shi ne a ce yawanta shi ne yawan tsafta. Akwai mai kumfa kamar me amma bai fi wani wanki ba, akwai marar kumfa sosai da ke fitar da datti tas.

Sai maganar gashi ya riƙa ƙara a hannu. Don Allah ku daina neman wannan ƙarar. Fatar kai tana fitar da wani mai nata na halitta da ke kare gashi. Ga masu gashi miƙaƙƙe, man nan yana gangarowa har ƙarshen sili cikin sauƙi, shi ya sa Bature ko Ba'indiye in ya kwana biyu bai wanke kai ba sai ya yi naso. Namu a nannaɗe yake, man ba ya iya bin lanƙwasar ya kai ƙarshe, don haka dama can a bushe yake. Idan kika wanke har ya yi ƙara, ɗan abin da ya samu ne kika kwashe. A wurin lanƙwasar nan yake karyewa idan mataji ya bi ta kai.

Hajiya Babba: Allah Ya yi muku albarka 'ya'yan nan. Mu da muka tashi ina muka ga wani shamfu? Karkashi ake jiƙa mana a ƙwarya da ruwan ɗumi, a bar shi ya saki yauƙi, a tace. A zauna a kan kujera 'yar tsugunno a tsakar gida, a riƙa zubawa ana bi da yatsu. Gashin da ya cukurkuɗe sai ki ga yana warwarewa da kansa, mataji ya wuce ba ki ji zafi ba. Kumfa ko ɗaya babu. Wani lokaci garin ganyen magarya ake kaɗawa a ruwa, shi yana ɗan tayar da kumfa kaɗan. Kuma magarya ba baƙuwa ba ce a addini, ta zo a hadisin Ummu Aɗiyya, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a wanke 'yarsa da ruwa da magarya. Abin da aka zaɓa don tsabtace mamaci ai ba za a ce ba ya wanki ba.

Amaryar Bana: Sallallahu alaihi wa sallam. Hajiya to in koma karkashi ke nan in huta?

Anti Mai Kitso: A'a amarya, kar ki yi gaggawa. Hajiya ki gafarce ni, a zamaninku man shanu ne da man kaɗanya kawai. Yanzu kan yarinya ɗaya za ki tarar da basilin, da jel na kwantar da gaban goshi, da man feshi, ga wasu sun dama cebe da man karkar sun cusa. Karkashi ba zai iya da basilin ba. Na sha karɓar kan da aka ce an wanke da karkashi jiya, ina tsaga sai in ga farin abu ya taru a gindin gashi, farce na kankaro shi. Ni yadda nake yi: shamfu tukuna a fatar kai, a fitar da maiƙon, sannan karkashi ya biyo baya don santsi da tsifa. Kowanne da aikinsa.

Hajiya Babba: Haka ne 'yar nan, mu ba mu san waɗannan tarkacen ba. Amma ku ma ku rage lafta wa kai abin da sai da ƙarfi zai fita.

Malamar Kemistiri: Dukkanku kuna kan hanya. Ganyen magarya yana da wani sinadari mai suna safonin, wanda ke aiki irin na sabulu amma mai sanyi, shi ne ke kawo 'yar kumfar da Hajiya ta ambata. Karkashi kuwa ƙarfinsa a yauƙin yake. Irinsa ne matan Chadi ke kira ambunu, yanzu har ƙasashen waje ake kai busasshensa ana sayarwa da tsada. Yana ɗauke ƙura da gumi, amma basilin daga man fetur ake samo shi, ba ya jin ruwa ko kaɗan, sai abin wanki mai ƙarfi.

'Yar Damagaram: Ina da tambaya Malama. Ni sabulun salo nake amfani da shi. Lokacin damina in na tari ruwan sama, ɗan gutsure kaɗan ya ishe ni, kumfa har ta yi yawa. Amma da rani in muka koma ruwan rijiya ko na 'yan garuwa, sai in yi ta gogawa ba kumfa, in na gama kuma gashin ya yi tauri yana danƙo, mataji ya fito da wani farin abu. Sabulun bai canza ba. Mene ne?

Malamar Kemistiri: Ruwan ne, 'yar uwa. Ruwan rijiya da na burtsatse a wurare da yawa yana ɗauke da kalsiyam da magnesiyam da ya narkar daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa. Sabulu na asali, wato wanda aka dafa mai da toka ko soda aka yi, da ya haɗu da su sai ya ɗaure ya zama wani farin gari mai danƙo da ba ya narkewa. Shi ne kike gani a mataji, shi ne kuma ke zagaye bakin bokiti. Sai sabulun ya gama ɗaurewa da su kaf sannan ragowar ya fara kumfa. Ruwan sama ba shi da su, shi ya sa.

Ki gwada da kanki. Samu gora biyu, ɗaya ki zuba ruwan rijiyar zuwa rabi, ɗaya ruwan sama. Ki sa sabulu daidai wa daida, ki rufe ki girgiza. Wanda ya yi fari kamar tsinkakken koko ba kumfa a sama, ruwan nan mai nauyi ne.

Wannan matsalar ma na cikin dalilan da suka sa aka ƙirƙiro shamfun zamani. Kafin shekarun 1930 abin da ake kira shamfu a Turai da Amurka sabulu ne aka narkar, yana barin irin wannan danƙon a gashi. Sai aka koma sinadaran da ba su damu da nauyin ruwa ba sosai. Don haka mai ruwan rijiya, shamfu ya fi mata sabulu.

'Yar Zangon Kumasi: Mu nan wurinmu ake yin sabulun salo, alata samina suke ce masa. Tokar ɓawon koko, wanda ake yin cakulan da shi, ko ta ɓawon ayaba ake tacewa a dafa da man ƙwarar manja, wasu su ƙara man kaɗanya. Ba sinadarin Bature ko ɗaya. Ta yaya abin da aka yi da itatuwa zai cutar da gashi?

Malamar Kemistiri: Ban ce a jefar da shi ba, sabulu ne mai kyau. Amma ruwan toka ɗan uwan kanwa ne, kaifi gare shi. Akwai ma'aunin da ake kira pH, daga 0 zuwa 14, 7 ne tsakiya. Ƙasa da 7 tsami, sama da 7 kaifin kanwa. Fatar kai tana wajen 5.5. Sabulu, na salo ne ko na kanti, yana wajen 9 zuwa 10. Rilaksa kuwa ya haura 12. Jikin silin gashi yana da ɓawo-ɓawo a jere da suke kwance. Abu mai kaifi yana sa su miƙe, gashi ya kumbura, sili ya riƙa kama sili. Abu mai ɗan tsami yana kwantar da su. In za ki yi da salo, ki narkar da kaɗan a ruwa maimakon goga dunƙulen a kai, sannan ki yi ɗaurayar ƙarshe da ruwan da aka ɗiga wa khal ko lemon tsami, kamar cokali ɗaya ko biyu a kofi babba. Mai rilaksa a kai kuma ta bar shi gaba ɗaya, gashinta ya riga ya sha kaifi.

Mai Haɗa Sabulu: Tun ɗazu nake karantawa. Ni sana'ata ke nan, ina haɗa sabulun ruwa da shamfu ina kaiwa shaguna. Bari in gaya muku yadda kasuwar take. Abu biyu mai saye ke dubawa: kauri da kumfa. Za ta karkata jarka ta ga yadda yake zuba, ta ɗiga a tafin hannu ta sa ruwa ta murza. In bai tashi ba ta ce an tsinka shi da ruwa. Alhali kaurin nan gishiri ne, gishirin miya. Ana zuba shi kaɗan-kaɗan cikin Texapon, wato sinadarin wankin da muke haɗa shamfu da shi, sai ya yi kauri, in ya wuce ƙima ma ya koma ya tsinke. Kumfa kuma akwai abin ƙara ta daban da muke saya a wurin masu kemikal, aikinsa kawai ya sa ta yi yawa ta daɗe ba ta kwanta ba. Zan iya haɗa miki biyu masu wanki iri ɗaya, ɗaya ya cika baho da kumfa, ɗaya ya tsaya a tafin hannu. Na farkon ne zai ƙare a shago.

Abin da ya fi damuna shi ne masu zuba sabulun wanke-wanke a kwalba, su sa kala da turare, su ce shamfu ne. Wancan da salfonik asid da soda ake yin sa, don tukwane da tayil. Kumfa kam ba a magana. Amma ba na kan mutum ba ne.

Anti Mai Kitso: Wallahi kin faɗi gaskiya. Irinsa ne ake sayarwa jarka-jarka da araha. Hannun mai wankin ma yana nunawa, tsakanin yatsu ya bushe ya yi fari yana tsagewa. Abin da ya yi wa tafin hannu haka, ina ga fatar kai?

Maman 'Yan Biyu: To ni yanzu tsoro ya kama ni. An taɓa turo mana wani saƙo cewa salfet ɗin nan yana kawo ciwon daji. Gaskiya ne?

Anti Nas: Ki kwantar da hankalinki Maman 'Yan Biyu. Saƙon nan ya daɗe yana yawo a intanet, tun ƙarshen shekarun 1990, kuma babu binciken da ya tabbatar da shi. Abin da aka tabbatar shi ne yana busar da fata, yana iya sa ta ja ko ƙaiƙayi, musamman in ya daɗe a kai ko mutum yana da ƙyasbi ko fata mai saurin jin abu. Ki juya kwalbarki ki duba jerin abin da ke ciki. In kin ga Sodium Lauryl Sulfate, shi ne mai ƙarfin. In kin ga Sodium Laureth Sulfate, ya fi shi sauƙi, shi ne ma Texapon ɗin da 'yar uwarmu ta ambata. Ki duba lambar NAFDAC kuma. Kwalbar da ba ta da jerin sinadarai ba ta da lamba, ba ki san abin da kike zuba wa yara ba.

Malamar Kemistiri: In ƙara a kan na Anti Nas. Rubutun “babu salfet” ma ba shi ke nuna sanyi ba. Wasu kamfanonin suna cire shi su sa Olefin Sulfonate, wanda wajen ƙarfi ba shi da nisa da wanda aka cire, kuma yana kumfa sosai. Masu sanyin su ne irin su Cocamidopropyl Betaine da Decyl Glucoside. Amarya, duba naki ki gaya mana na biyu da na uku a jerin, bayan ruwa.

Amaryar Bana: Malama na duba. Decyl Glucoside ne, sai Cocamidopropyl Betaine ɗin da kika rubuta.

Malamar Kemistiri: To mai sanyi ne, irinsu dama ba su cika kumfa ba, kuma maiƙon wata guda ya fi ƙarfinsa a zubi ɗaya. Ki riƙe shi don wankin sati-sati. Ranar tsifar kitson da ya daɗe ki fara da mai salfet sau ɗaya.

Anti Mai Kitso: Kuma ki gyara yadda kike yi. Jiƙa kan sosai da ruwan ɗumi tukuna, har ya sha, don busasshen gashi cinye shamfu yake yi. Raba shi gida huɗu ki ɗaure. Tsinka shamfun da ɗan ruwa a kofi, ki bi tsaga-tsaga kina zubawa a fatar kai, ki murza da tsokar yatsu, ban da farce. Jelar gashin ba ta buƙatar cuɗa, abin da ya gangaro lokacin ɗauraya ya ishe ta. Masu tattara gashi a tsakiyar kai su yi ta dirza kamar wankin tsumma don kumfa ta tashi, su ne ke zuwa min da kai a dunƙule, sai mun yi awa muna warwara, rabi ya bi mataji. Bayan nan kondishina ko karkashi, ki taje yana jiƙe daga ƙarshe zuwa gindi. In kina son sanin ya fita, bari ya bushe ki tsaga ki goga yatsa a fatar. Ba maiƙo, ba wari, ba ƙaiƙayi, shi ke nan.

Kuma don girman Allah a daina ɗaura ɗankwali da hijabi a kan jiƙaƙƙen kai. Rabin warin da ake ɗora wa shamfu daga nan yake.

'Yar Damagaram: Sau nawa ya kamata a riƙa wankewa? Wata ta ce min wata-wata, wai yawan wanki na hana tsawo.

Anti Nas: Ƙungiyar likitocin fata ta Amurka ta ba masu irin gashinmu shawarar sau ɗaya a sati, ko sati biyu. Wata guda ya yi yawa, musamman da zafin nan namu ga kai a rufe. Wanki ba ya hana tsawo. Daga ƙarƙashin fata gashi ke tsirowa, kusan santimita ɗaya a wata, karyewar ƙarshensa ce ke sa a ga kamar ya tsaya.

Maman 'Yan Biyu: Ni dai zan ci gaba da mai kumfata, na saba da shi, sai dai zan rage yawan da nake zubawa in daina maimaitawa sau uku. Anti Nas, tunda kina nan: Hassana tana da amosani, na sayi shamfun magani a kemis, ina wanke mata da shi amma shiru. Kuma akwai wani wuri a ƙeyarta da ya yi zagaye, gashin ya gutsuttsure, ya yi fari-fari.

Anti Nas: Abu biyu ne nan, kar ki haɗa su. Shamfun amosani irin mai Ketoconazole magani ne, lokaci yake so. Yawanci da an ga kumfa ta tashi sai a kwara ruwa, maganin ya bi rariya bai yi komai ba. Ana shafa shi a fatar kai a bar shi minti 3 zuwa 5 kafin a ɗauraye, sau biyu a sati, na sati 2 zuwa 4.

Amma zagayen nan da gashi ya gutsure, alamar makero ce. Shi ƙwayar cutar tana shiga cikin silin gashin ne har gindinsa, inda shamfu ba ya kaiwa, kowane iri ne. Sai maganin sha na makonni, kuma likita ne zai auna nauyinta ya rubuta. Kar ki goga masa tafarnuwa ko man birki kamar yadda wasu ke yi, ƙona fatar zai yi. Yana yaɗuwa, don haka ki raba musu mataji da ɗankwali da matashin kai, ki duba kan Usaina ita ma.

Maman 'Yan Biyu: Innalillahi, mataji ɗaya nake musu kuwa. Gobe in Allah Ya kai mu da safe zan kai su asibiti dukkansu. Shamfun in daina sa mata ne kafin nan?

Anti Nas: A'a, ci gaba da shi, yana rage yaɗuwar ga 'yar uwarta. Ki tafi da kwalbar ki nuna wa likitan. Allah Ya ba ta lafiya.

Hajiya Babba: Amin. A gaida 'yan biyu.